Buhun Takalman Auta

Rumfar Mai Takalmi tana jingine da katangar tashar mota, tsakanin shagon mai aski da wani famfo da ya daina kawo ruwa tun kafin a haifi rabin direbobin tashar. Fallen kwano huɗu ne a sama, benci ɗaya na masu jira, sai 'yar kujerar da yake zama, wadda ta lotsa daidai da jikinsa. A nan ya gaji ubansa, a nan furfura ta cim masa. Sunansa na yanka kuwa ya daɗe da ɓata a bakin mutane. Ko Gwaggo, matarsa, in ranta ya ɓaci Mai Takalmi take ce masa, sai ka ce baƙuwa ce ta kawo gyara.

Mutum ne da yake fara gaisawa da ƙafa kafin fuska, don shekara arba'in da ɗoriya aiki ya sunkuyar da kansa. Ka miƙa masa takalminka, zai juya ƙasan, ya shafa da babban yatsa, sai ya fara ba ka labarinka. Mai tura baro, gaban takalminsa ke fara cinyewa. Matar da ke saɓa yaro a kwankwaso guda, gefe guda take ci. Wanda ya rasa aiki yana zagayen ofisoshi, sama na sheƙi, ƙasa ta huje. Mai aski yakan leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Jama'a, ku riƙa ɓoye takalmanku. Boka ne wannan, basilla kawai ya riƙe don kada a gane."

"Kai da kake ganin ƙeyar kowa ba a ce maka boka ba," in ji Mai Takalmi, ko ɗagowa ba ya yi.

Duk bayan wata uku ko huɗu, wata baƙar mota takan tsaya a bakin rumfar. Direba ya fito, ya buɗe but, ya sauke buhu guda ya jingina da benci. Takalma ne a ciki, na mutum ɗaya, kuma duk tashar ta san mutumin. Ƙanin Mai Takalmi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan gidansu. A gari Yallaɓai ake ce masa, don manyan motocin da ke ɗauko siminti da rodi rabinsu nasa ne, ga shaguna, ga gidajen haya. A rumfar nan dai Auta ne.

"Baba, Yallaɓai ya ce a raba wa mabukata."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Yana gaishe ku."

Mai Takalmi ya san wannan gaisuwar daga aljihun direba take fitowa, amma yakan amsa, don direban mutumin kirki ne, bai kamata a kunyata shi ba. Shekara goma sha biyu ke nan buhu yana zuwa, mai buhu bai zo ba. Kuma babu abin da Mai Takalmi yake so a duniya irin ya ga ƙaninsa zaune a kan bencin nan, ko da na minti biyar ne.

Da ba haka suke ba. Ciwon suga ne ya kama ubansu, ya fara da ƙafar dama, aka yanke ta, bayan shekara shi ma ya bi ta. Lokacin Mai Takalmi bai cika ashirin ba, Auta kuwa yana aji uku. Babban ya zauna a kujerar uba, ƙaramin ya ci gaba da makaranta, babu wanda ya zauna ya tsara, haka kawai abin ya zo. Duk farkon shekarar karatu Auta yakan hau benci, ya ɗora ƙafa a kan kwali, yayansa ya zagaya ta da fensir don a yanka masa sabon takalmi. Da fensir ya iso tafin ƙafa sai dariya, ya yi ta zillo yana ihu, "Yaya, cakulkuli!" Sai an danne gwiwar kafin a samu zane mai kyau. Kwali na ƙarshe, wanda aka zana ranar da Auta zai tafi babbar makaranta, yana nan saƙale a ƙarƙashin kwanon rumfar, ya yi ja saboda tsufa.

Faɗan da ya raba su bai kai a kira shi faɗa ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsu da 'yan makonni Auta ya zo rumfar, da abokansa biyu a cikin mota suna jira. Aka nuna masa benci, bai zauna ba, don fararen kaya ne a jikinsa.

"Yaya, ya isa haka," ya ce. "Ka rufe rumfar nan ka huta. Ni zan ɗauki nauyin gidanka, har 'ya'ya. Mutane zagina suke yi, wai ga ni Allah ya ba ni, yayana yana goge wa 'yan tasha takalmi."

Magana biyu ce a ciki, ta ƙauna da ta kunya, Mai Takalmi kuwa ta biyun kawai ya ji.

"Rumfar da kake jin kunyarta ita ta sa maka takalmi ka je makarantar," ya ce. "In sadaka ta yi maka yawa, ga mabukata nan cike da gari. Ni ban roƙe ka ba."

Auta ya juya ya shiga mota. Wata na zagayowa buhun farko ya iso, da saƙon a raba wa mabukata. Amsar baƙar magana ce, kowa ya gane. Sai dai wanda yake son yanke zumunci ba ya shekara goma sha biyu yana aike. Su biyun duk suna da gaskiya, kuma su biyun duk taurin kan ubansu suka ɗebo. Naka sai naka, daɗin zama sai bare.

Gwaggo ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Ɗaki biyu suke haya a wani gida mai yawan jama'a, kuma in damina ta kama sai ta jera robobi uku a tsakar ɗaki tana tarar yoyo. "Girman kai rawanin tsiya," takan ce, tana matse tsumma. "Kai ka ƙi, mu muke shan ruwan. 'Yarka da ta bar karatu a tsakiya, ita ma ba ta roƙe shi ba, ai." Wannan maganar takan soke shi. Yakan ɗauki hularsa ya fita da wuri, ya ce aiki ya taru.

Takalman buhun kuwa ba a cewa komai. Fata ce mai laushi, in ka danna ta dawo, ɗinkin ciki ko zare ba ka gani. Amma ƙasansu siriri ne, na mai taka kafet da tayil, daga ƙofa zuwa mota. Ka ba talaka haka, mako biyu tsakuwa ta gama da shi. Saboda haka Mai Takalmi yakan ɓare ƙasan, ya yanko tsohuwar tayar mota, ya fere ta da wuƙa, ya shafa gam, ya bi da basilla. Sama na Yallaɓai, ƙasa na 'yan tasha.

Rabon ma da salonsa. Bai taɓa furta kalmar sadaka a rumfar ba. Akwai wani tsohon malamin makaranta da yake kawo takalmi ɗaya tilo, an yi masa faci har faci ya fi fatar asali yawa. Ran nan Mai Takalmi ya juya shi, ya girgiza kai.

"Malam, wannan fa ya riga ku yin ritaya."

"Ka dai lallaɓa shi, ya ƙara ko wata biyu ne."

"Ku taimake ni da wani abu dai. Wani ya kawo wannan gyara, ya tafi bai dawo ba, cinye mini wuri kawai yake. Ku gwada. In ya yi, ku bar mini naku, ina neman irin fatar harshensa don faci."

Malam ya sa ƙafa, ya tashi ya taka sau biyu. Ya san ƙarya ce, Mai Takalmi ma ya san ya sani. Suka yi musabaha irin ta waɗanda suka gama ciniki, kowa da mutuncinsa. A ƙarƙashin benci akwai tulin irin waɗannan tsofaffin takalman na musaya, ba su da amfanin komai sai zama gidan gizo-gizo, amma ba ya zubarwa da rana tsaka, kada mai su ya wuce ya gani.

"Ka iya bayarwa, karɓa ce ba ka iya ba," in ji mai aski wata rana, yana kallon silifar da ke ƙafar Mai Takalmi, wadda aka ɗaure da waya. "Wanzami ba ya son jarfa."

"Au, yau kuma kanka kake zagi?"

Abin da mai aski bai sani ba, akwai abin da Mai Takalmi yake karɓa daga buhun. Kafin ya taɓa wuƙa, yakan jira la'asar ta yi sanyi, masu jira su watse, ya zazzage buhun a gabansa ya bi takalman ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙarsa ke nan daga Auta. Ta nan ya san shekarar da Auta ya daina tuƙi da kansa, don gogewar da ke bayan dundunyar dama ta ɓace. Ta nan ya san ya yi ƙiba, ta nan ya san ya rame. Ya taɓa samun farin yashi mai laushi a cikin wani, irin wanda babu shi a garinsu, ya ce a ransa yaron nan ya je bakin teku. Har yanzu Auta yana taka gefen waje na ƙafar hagu, yadda yake yi tun yana aji uku. Wani lokaci Mai Takalmi yakan zura hannu cikin takalmin, ya lalubi gurbin yatsun, ya bar hannun a nan ya daɗe. Kewa ce, ba ta da wani suna.

A shekara ta goma sha biyun ne buhu ya zo da labarin da bai so ba. Duk takalman dama sun buɗe, sun yi faɗi. An take bayansu an mai da su kamar silifa. Guda ɗaya, baƙi mai tsada, an tsaga shi da reza daidai wajen babban yatsa. A ciki akwai tabon magani, rawaya-rawaya, da ɗan ɓurɓushin auduga. Na hagun kuwa sun fi cinyewa, alamar mai su ya mai da nauyinsa can. Mai Takalmi ya zauna da tsagaggen takalmin a cinya. Ya taɓa ganin irin wannan tsagar. Ubansu ya yi wa nasa takalmin irinta da hannunsa, a kan wannan kujerar, wata shida kafin a kai shi asibiti.

Washegari ya sauko da jan kwalin nan daga ƙarƙashin kwano, ya busa ƙurar. Ya ɗora tsagaggen takalmin a kai, ya ƙara faɗin da kumburin ya nuna. Yana da wata fatar akuya da ya ɓoye tun tuni yana jiran aikin da ya cancance ta, ita ya ɗauko. Ƙafa mai irin wannan ciwon ba ta son ƙusa, ba ta son ɗinkin da zai goge ta, saboda haka duk ɗinkin waje ya mai da shi, cikin ya zama sumul. Ya buɗe gaban sosai, ya sa maɗauri mai huda biyar don a sassauta in kumburi ya tashi. Kwana takwas ya yi a kai, masu kawo gyara suna ta ƙorafi.

"Direba za ka ba?" Gwaggo ta tambaya.

"Direba sai bayan wata uku. Ƙafar ba za ta jira ba."

Gwaggo ta tashi. Ta ɗauko rigarsa ta fita kunya daga ƙasan akwati, ta goge ta sau biyu. Da zai fita ta ce, "Dama zumunci a ƙafa yake. Allah ya sa a dace."

Mota biyu ya shiga kafin ya kai unguwar. Bai taɓa zuwa gidan ba, amma ba ya ɓata: katanga doguwa, baƙin get, da waya a sama. Abin da bai sani ba, ranar rabon abinci ya faɗo. Mutane sun kai ɗari zaune a gindin katangar, maza a gefe, mata a gefe, kowa riƙe da 'yar takarda mai lamba, rana tana dukansu. Ya wuce su ya nufi ƙaramar ƙofa, ƙunshin takalmin a hammata.

"Baba, layi," in ji maigadi.

"Ba rabo na zo ba. Ni yayan mai gidan ne."

Maigadi ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ta wanda ya gaji. "Baba, duk wanda ka gani a nan ɗan'uwansa ne. Makon jiya kawunsa uku suka zo, babu wanda ya san wani. Karɓi lamba, in ka kai gaba ka yi bayani."

Da zai iya ɗaga murya, ya kira sunan ubansu da na uwarsu. Amma a ƙofar ƙaninsa zai tsaya yana rantse-rantse a kan wanda ya haife shi? Ya karɓi lambar, ya nemi wuri ya zauna da gogaggiyar rigarsa a ƙasa. Awa biyu ya yi yana kallon ƙafafu. Akwai masu faso har jini, akwai masu silifa wari da wari, kowanne da launinsa. Can gaba ya hango wani dattijo sanye da takalmin fata ruwan ƙasa mai ƙasan taya. Ɗinkinsa ne. Takalmin Auta ya dawo ƙofar Auta yana bin layi. Bai san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Da layi ya iso kansa, wani ma'aikaci ya ɗora masa ledar shinkafa a hannu, mai hoto ya ce, "Baba, kalli nan, ɗan yi murmushi."

"Ni kawowa na yi, ba karɓa ba," ya ce, ya ɗaga ƙunshin.

Ma'aikacin ya dubi mai hoto, mai hoto ya dubi maigadi. Ga alama ba a taɓa kawo wa gidan komai ta wannan ƙofar ba, babu wanda ya san inda ake ajiye irin wannan. Wata tsohuwa da ke jiran layin mata ta ɗaga murya.

"Bawan Allah, karɓi ka matsa. Mai ƙoshi ke da lokacin fushi, mu jikoki muka baro a gida."

Maganar ta shige shi fiye da duk wadda Gwaggo ta taɓa faɗa. Ya riƙe ledar. Ana cikin haka direba ya fito daga ciki, ya hango shi, ya dafe kai.

"Baba! Ku ne a layi? Innalillahi. Me ya sa ba ku aiko an kira ni ba?"

"Yana ciki?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Yana asibiti tun shekaranjiya. Likita ya hana a shiga."

"Ƙafar dama?"

"Wa ya gaya muku?"

Mai Takalmi ya miƙa masa ƙunshin.

"Me zan ce masa, Baba?"

"Ba sai ka ce komai ba. Ya juya ƙasan, zai gane ɗinkin."

Ya koma gida da shinkafar. Gwaggo ta dubi ledar, ta dubi ƙurar da ke bayan rigarsa. Ta dafa, ta zuba masa, ya ci. Wannan ne abu na farko na Auta da ya wuce maƙogwaronsa a shekara goma sha biyu, kuma bai shaƙe shi ba.

Daga nan shiru. Wata uku ya wuce, huɗu, biyar, buhu bai zo ba. Damina ta sauka, Gwaggo ta jera robobinta. Duk baƙar motar da ta rage gudu a bakin tasha sai basilla ta tsaya a hannun Mai Takalmi. Ya daina tanka wa mai aski, har mai aski ya daina tsokana. Da buhun yana ba shi haushi, yanzu da zai gan shi da ya rungume shi, don rashinsa yana iya nufin babu sauran ƙafar da za ta sa takalmi.

A wata na bakwai motar ta tsaya. Direba bai buɗe but ba. 'Yar leda ya fito da ita, ya miƙa da hannu biyu. Takalmin fatar akuya ne. Ƙasan ya cinye har zaren ya fito, gefen waje na hagu ya fi lalacewa, maɗaurin dama ya tsinke. Mai Takalmi ya juya su, ya sake juyawa. Dama da hagu, duka biyun an taka su. Tun da Auta ya yi arziki bai taɓa ganin takalminsa da ya mutu mutuwar aiki ba sai wannan.

"Yatsa biyu aka cire, ƙafar tana nan," in ji direba. "Ba ya sa kowanne sai wannan, har ofis, har taro. Uwargidansa ta yi magana ta gaji. Ya ce don Allah a gyara masa. Gobe in zo in karɓa?"

A gyara masa. Ba a raba wa mabukata ba. Mai Takalmi ya daɗe yana duban maɗaurin da ya tsinke, don kada direba ya ga idonsa.

"Wannan ya wuce gyara," ya ce. "Sabo za a yi. Tunda an taɓa yatsu, ƙafar ta sauya, sai an auna."

"To ku ba ni abin awon, in auno."

"Ba a haka. Ka gaya masa komai ana aikowa, ban da ƙafa."

Da motar ta tafi mai aski ya leƙo. "Kai da kake kallon mutum daga tsallaken titi ka faɗi lambar takalminsa? Ga gurbin ƙafar nan kwance a cikin tsohon, ko makaho ya laluba zai yanka daidai. Ido ba mudu ba, ya san kima."

"Koma ka yi askinka."

Da safe ya zo da bokitin ruwa da omo ya wanke bencin, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar ubansu. Mai aski ya tambaya ko amarya za a kawo. Ranar ba a zo ba. Washegari ya sake goge bencin, ya nemo sabon kwali a wajen mai shago, ya fere fensir. Ba a zo ba. Rana ta uku ya fara zargin kansa: da ya karɓi aikin yadda aka kawo shi, da ko ba komai zaren bai tsinke ba. Yanzu ga shi taurin kai ya sake ja masa.

Rana ta huɗu, da hantsi, yana ɗinke wa wani mai tura baro takalmi, motar ta tsaya. Ƙofar baya ta buɗe. Sanda ce ta fara fitowa, sannan ƙafar hagu cikin silifar ɗaki, sannan ta dama naɗe da bandeji. Mai Takalmi ya bi su da ido daga ƙasa zuwa sama, yadda ya saba. Sannan ya kai fuskar. Ubansu ne tsaye, da ramar, da farin gemun, da komai. Shi yaro yake ta jira, ashe yaron ma ya tsufa.

"Yaya."

"Zauna."

Mai tura baro ya matsa, Auta ya zauna kusa da shi, da fararen kayansa, bai ko duba bencin ba. Ya ɗaga kai ya kalli kwanon, ya kalli ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, ya kalli gwangwanin ƙusoshi.

"Gudumar Baba ce wannan?"

"Ita ce. Ƙota kawai na sauya, sau uku."

"An nuna mini hoton rabon ran nan," in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na gan ka da leda a hannu. Yaya, ban yi barci ba."

"Shinkafar tana da kyau. Gwaggo ta ce a yi maka godiya. Kawo ƙafar."

Ya sauka daga kujerarsa ya durƙusa, ya shimfiɗa kwali, ya tallabo ƙafar da hannu biyu ya ɗora a hankali. Ya danne gwiwar da hannun hagu, don hannu ba ya manta abin da ya saba. Ya fara daga dunduniya, ya bi gefe, ya zagaya inda yatsu biyun suke a da, ya gangaro tafin ƙafa. A nan ya rage sauri, yana jira. Ƙafar ba ta motsa ba.

"Ba ka ji ba?"

"Me?"

"Fensir."

Auta ya sunkuya ya duba. "Na daina jin ƙasanta tun bara, Yaya."

Mai Takalmi ya ci gaba da kallon kwalin. Wani ɗigo ya faɗa a kan zanen, ya share da babban yatsa, ya ce layin ya karkace. Ya juya bayan kwalin ya sake zagayawa, a hankali fiye da na farko. Ya gama, ya ɗaga ya duba, ya ce fensir ɗin bai fito sosai ba. Ya fere shi, ya sake. Direba yana duba agogo, mai aski ya tsaya a ƙofar shagonsa da almakashi a buɗe, mai tura baro ya manta da nasa takalmin.

"Yaya," in ji Auta, "a rumfar nan fa na tashi. Baba sau ɗaya yake zagayawa."

"In ka gaji, janye ƙafarka."

Auta bai janye ba. Ya jingina sandarsa da katanga, ya ce wa direba ya kashe motar. Mai Takalmi ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani kwalin.